Ranar da Inna Ta Gaida Malam a Tsaye

A shekarata ta biyu ina koyarwa a Daura ne Inna ta zo wurina jinyar ido. Yana ce ta rufe mata na hagu, asibiti suka sa mana ranar aiki bayan wata biyu, ni kuwa na ce ba za ta koma ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi ba sai an yi. Mu Hausawa ne, kuma Kirista tun daga kan kakana, abin da a Daura sai na faɗa sau biyu kafin a yarda da ni.

Inda nake haya wani sashe ne na gidan wani tsohon malami a cikin gari, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ƙofarsa daban. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, da muke coci ɗaya, shi ya samo min wurin bayan na yi wata uku ina gararamba. Duk inda na je, da an ji Hausata sai a yi maraba da ni, da an gane ba na salla sai a tuna ashe an riga an ba wani ɗakin. Malam shi ya karɓe ni, amma ya ce shekara ɗaya tukuna, mu ga yadda zama zai yi. Saura 'yan makonni shekarar ta cika lokacin da Inna ta iso, kuma na riga na ji ƙishin-ƙishin wasu dattawan unguwa na zuga shi ya sallame ni.

Ni kuwa mutum ne mai gudun fitina, har abin ya yi yawa, na sani. Ran Lahadi ina rage muryar rediyo har ni kaina ba na jin waƙar cocin. In na hango Malam tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in zube ƙasa in kwashi gaisuwa.

Inna ba ta yi karatu ba, amma tana son a karanta mata. Da la'asar in na dawo daga makaranta, sai ta zauna tana ɓarar gyaɗar da wani abokin aikina ke kawo mana daga Zango, ni kuma ina karatu. Ita ta zaɓi littafin ƙarshe a cikin littattafanmu masu tsarki, wanda ke maganar ƙarshen zamani, wahayin da aka nuna wa wani tsoho da aka tsare a tsibiri. Na so in kai ta wuri mai sauƙi, ta ce ita dodannin nan masu kawuna da yawa take son ji. Muka yi kusan mako uku muna bi a hankali. Ranar da muka kai shafin ƙarshe, inda tsohon ya faɗi a gaban mala'ikan da ke yi masa jagora zai yi masa sujada, sai ta ajiye gyaɗa.

“Tsaya. Me mala'ikan ya ce masa?”

Na ce ya hana shi, ya ce shi ma bawa ne kamarsa, Allah kaɗai ake yi wa haka.

“Ai ya taɓa hana shi a baya.”

Na duba, haka ne. Sau biyu ke nan.

“To koma can farko. Wancan mai idanu kamar wuta, da tsohon ya faɗi a gabansa kamar gawa, shi ma ya hana shi?”

Na koma. Bai hana shi ba. Hannu ya ɗora masa, ya ce kada ya ji tsoro, ya kuma kira kansa da sunan da Allah Mai kursiyi yake kiran kansa da shi. Ta sa na nemo mata wurin da dukan halitta suka yi yabo, aka faɗi a gaban kursiyin da Ɗan Rago tare, wato shi mai idanun wutan, nan ma babu wanda ya ce a tashi.

“To ai magana ta fito,” in ji ta. “Bawa ya ƙi karɓar abin da ba nasa ba. Ɗa ya karɓa, don nasa ne. In da shi ba Allah ba ne, da ya yi kunya kamar yadda mala'ika ya yi.”

Na ji daɗi har raina, na kuma ji 'yar kunya, don na fi shekara ashirin ina karanta wurin ban taɓa haɗa su ba. Ina shirin yaba mata sai ta ƙara da cewa, ashe shekara saba'in tana rabon kayan Allah ga mutane. Daga yau gwiwarta ba ta ƙara taɓa ƙasa don ɗan Adam, ko waye shi.

Na yi mata bayani iyakar sanina. Durƙuson gaisuwa daban, sujada daban. Ladabi ne kawai, fastonmu ma yana durƙusa wa mahaifinsa. Ta ce fasto da gwiwarsa, ita da tata.

Kwana uku da yin haka Malam ya dawo daga Kongolam, inda ya daɗe wurin zaman makokin ƙanensa. Ya aiko cewa ya ji mahaifiyata ta zo, in kawo ta su gaisa. Tsohuwa baƙuwa, uwar ɗan haya, ta shiga zauren malami ta tsaya masa ƙiƙam, wannan kaɗai ya isa a ce mun raina mutane.

“Inna, don girman Allah,” na ce, “durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.”

“Au, Malam ɗin wada ne?”

“To in ba za ki yi ba, in an tambaye ki, ki ce gwiwa ke ciwo.”

“In yi ƙarya don in girmama Allah? Kai dai boko bai yi maka rana ba.”

Da hantsin Asabar muka je. Malam na zaune a kan buzunsa, da wasu dattawa biyu a gefe, ɗayansu kuwa shi ne wanda nake zargi da zugar. Na zube fiye da yadda na saba, goshina saura kaɗan ya taɓa daɓe, wai ko nawa ya ishe mu mu biyu. Inna ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, ta shigo ta tsaya. Ta yi gaisuwa cikakkiya, babu abin da ta rage: lafiya, gajiya, iyali, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ba da dangana. Duk a tsaye.

Dattijon da nake zargi ya dube ta sama da ƙasa. “Baiwar Allah, ƙafa ce ke ciwo?”

“Lafiyarta ƙalau, Alhaji.”

Sai ta juya wajen Malam ta kwashe labarin duka ta gaya masa, kamar mai ba da labarin yadda kasuwa ta ci. Mala'ikan da ya ƙi a faɗi a gabansa, da wanda bai ƙi ba. Da bakinta, a zauren malami, a tsakiyar Daura, ta ce wannan na biyun Ɗan Allah ne, shi ya sa ya karɓa, shi ya sa kuma ita ta ajiye masa gwiwarta. Dattijon ya ce subhanallahi da ƙarfi, ya fara tattara babbar rigarsa. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Har na fara tunanin ko Ibon nan zai bar mu mu kwana a bayan shagonsa.

Malam ya ɗaga hannu. Ya dube ta ya ce, “Wa ya karanta miki wannan?”

“Ga shi nan a ƙasa.”

Sai a lokacin ya waiwayo ni. “Kai malamin makaranta, har yanzu kana nan? Tashi ka zauna kamar mutum. Shekara guda ina ce maka ka bar zube min, kana ɗauka kara nake yi maka.”

Gaskiya ne, ya sha faɗa. Ban taɓa zaton da gaske yake ba.

Ya koma kan Inna. “Maganar mala'ikan nan ta yi min daɗi. Na tsufa ina hana mutane faɗuwa a gabana, ba sa ji. Ta biyun kuwa ba zan bi ki ba. A wurinmu Allah ba shi da ɗa, wanda kike nufi annabi ne mai girma. Kin san haka, ni ma na san naku. Wannan shari'ar ba a zaurena za a yanke ta ba.”

“Haka ne, Malam. Akwai ranarta.”

“Akwai ranarta,” in ji shi. Su biyun suka yi dariya, kowa na ganin shi zai ci.

Ya sa aka kawo mata kujera. Ya tambayi idonta, ya tambayi damunar bara a wajenmu, suka shiga gardamar ko dawarmu ta fi geron Daura auki. Dattijon da ya tattara riga bai tafi ba. Da muka tashi tafiya Malam ya kira ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Damuna ta kusa. Ka sa a duba indararon sashenka tun yanzu, kada baɗi ma ka zo kana yi min kukan yoyo.”

Baɗi. Wato ba zai sallame ni ba. Na ji kalmar ta ratsa ni har tafin ƙafa. Na yi godiya ban san me nake faɗa ba. Da muka fito lungu sai na jingina da katanga ina dariya, hawaye na zuba. Rabon da in ja numfashi ya kai min har ciki haka, tun ranar da na sauka a garin.

Da na dawo hayyacina na ce bari dai in yi mata faɗa kaɗan. “Inna, kin kusa sa mu kwana a titi.”

Tana ƙoƙarin zura takalmi ta ce, “In ka ga dama ka ci gaba da durƙusa wa manya, ban hana ka ba. Amma wanda ka yi ɗazu ba ladabi ba ne. Tsoro ne.”

Na riƙe mata hannu ta ƙarasa sa takalmin, muka nufi gida.