Kira Suna Kafin Ka Ce Taka

Ina kwance ƙarƙashin mota a unguwar Adjamé muna cire iskar birki, na ɗaga murya na ce, "Taka!"

Kakana ya daka mini tsawa: "Kai, kira sunan mai takawar tukuna!"

Wai lokacin yaƙin duniya, a unguwar Treichville, da rana tsaka shi ma yana ƙarƙashin kamiyo, wato babbar motar kaya. Ya ce taka, aka taka. Ya ce riƙe, aka riƙe, har man birki ya fito ba kumfa.

Ya fito zai gode wa abokin aikinsa Idi, ya tarar da kujerar direba wayam. Ashe Idi ya rasu tun da safe.

"To wa ya taka, Kaka?"

"Oho. Birki dai ya kama."

Har yau sai na kira suna. A garejinku fa?