Agogon Masu Zaman Gindin Mangwaro

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, lokacin tsinkar auduga, ina masinja a ƙaramin asibitin wata kwaleji da ke wajen Funtuwa. Ni ban yi boko mai nisa ba. Aikina shara, ɗauko fayil, da tsaron ƙofa ranar gwajin ƙanjamau.

Ga yadda ake yi, don ku sababbi a wannan aikin. Ɗalibi ya shiga wurin Sista, shugabarmu, ta soki yatsa, ta ɗiga jini a ɗan tsinken gwaji. Bayan kamar minti goma sha biyar, in babu komai, ta ja masa kunne kan aron reza da kame kai, ya fita. In an ga alama, sai a maimaita, a zauna a yi doguwar magana kan magani. Wannan bambancin ne ba mu lura da shi ba, amma samarin da ke zama gindin mangwaro sun lura. Agogo suke dubawa.

Ranar ina gyangyaɗi a bakin ƙofa, ina kallon gonar bayan katanga, fari fat kamar gajimare ya sauko ya huta. Can na riƙa ganin ƙanena Sani yana ratsawa cikin audugar da ƙibarsa, yadda yake kafin cutar nan ta cinye shi, lokacin da magani bai iso mana ba.

Sai na ji murya ta bayan labule. Wata ɗaliba ce, Hajara, 'yar wani manomi daga Dandume. Ta kusa awa a ciki.

"Baba, ba zan iya fita ba. Suna ƙirgawa. Kafin la'asar labari ya kai gidanmu."

Na leƙa gindin mangwaro. Wani cikin samarin ya ɗaga hannu yana nuna agogo. "Baba masinja, ko an kwana ne?"

Na ce, "Kai da bakinka kamar kasuwar hatsi, Sista ce ke tsare kowa yau. Bari ka gani."

Shekara goma sha ɗaya ina tura 'ya'yan mutane ɗakin nan, ban taɓa miƙa yatsana ba. Tsoro. Na shiga na miƙa.

Sista ta ce, "Malam Iro, yau kuma?"

"Ranki ya daɗe, ki soka. Kuma kada ki sallame ni sai na fi yarinyar nan daɗewa."

Hajara ta fita. Ni na zauna awa da kwata, na fito ina hamma ina ƙorafin surutun Sista. Suka kwashe da dariya. Mai agogon ma ya shiga, ta riƙe shi haka.

Daga ranar, kowa tsawon zamansa wurin Sista ɗaya ne, da alama ko babu.

Hajara ta gama karatunta. Ban taɓa tambayar abin da aka gaya mata ba. Abin da na koya kawai shi ne, a wannan aikin ba baki kaɗai ke tona asiri ba. Ku kula da ƙofa, ku kula da agogo.