Da Hannuna Na Ƙone Shaidar Mijina

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wanga abu ya faru ni matashiya ce, 'yar Garou da aure ya kawo Malanville, ina sayar da albasa a bakin babbar kasuwa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko harafi ɗaya ban iya karantawa. Mijina mai hoto ne, yana da ɗan shago kusa da ƙofar kasuwa inda yake ɗaukar hoton katin shaida da na amare. Zamanin soja ne, ana ta zancen sojojin haya da maƙiyan ƙasa, kowa na tsoron bakin maƙwabcinsa.

Mijina yana da wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya. Da an sallame magariba sai ya saɓi kyamararsa da ƙafafunta uku, ya sauka bakin kogi yana kallon sama. Shi ya nuna mini Zara, ya ce ba tauraruwa ba ce, duniya ce kamar tamu. Shi ya koya mini gane tauraron ɗan'adam, wanda ke tafiya sannu ba ya ƙyaftawa. Idan ya bar idon kyamara a buɗe, sai tauraron ya fito a hoto kamar farin zare an ja shi a kan baƙin ƙyalle. Hotunan da fina-finan da ya wanke duk suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonmu, tare da littafin da yake rubuta lokacin da kowane tauraro ya wuce.

A makon da aka kama shi, taurari uku masu haske sun jeru a yamma tare da jinjirin wata. Ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa, yana cewa sai an daɗe kafin a sake ganin irin haka. Inda yake tsayawa yana gabas da gadar da ke ƙetare kogin zuwa Gaya, saboda haka in ya fuskanci yamma gadar na gabansa. Ni ban taɓa kawo komai a raina ba, shi ma haka.

Ranar, kafin a kira isha'i, wata matar masunci ta shigo gidana da gudu, ta ce jandarma sun tafi da maigida, sun ce gada yake ɗauka. Ban gama ɗaura kallabi ba sai ga maƙwabcinmu, wanda shi ne wakilin unguwa a lokacin, mutumin da nake kira Baba, wanda yake cin tuwon gidana. Ya rage murya ya ce mini gobe da sassafe za a zo bincike, kuma duk takardar da aka samu da lambobi a jiki za ta zama igiya a wuyan mijina. Na ce masa ai taurari ne kawai a ciki. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke kin iya karatu ne da za ki san abin da ya rubuta? Ki ƙone komai yanzu in kina son ki sake ganin shi." Na jawo akwatin, na zuba komai a murhu. Ina kuka ina tura su da muciya, yana tsaye a kaina har suka cinye. Har godiya na yi masa, Edita. Har durƙusawa na yi.

Washegari na tafi wurin jandarma da kunu. Kumandansu ya sa aka shigo da ni. Mutum ne mai ilimi, bai yi mini tsawa ba. Ya ce fim ɗin da ke cikin kyamara ya lalace, domin wani jandarmansa ya buɗe ta a gaban fitila, amma mijina ya rantse cewa a gida akwai hotunan sama na shekaru da littafin lokutansu. Ya ce in je in kawo, idan ya duba ya ga taurari ne, zai sake shi kafin azahar. Mijina na zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Je ki ɗauko akwatin, yana ƙarƙashin gado." Ban motsa ba. Ya sake faɗa. Da na buɗe baki na faɗi abin da na yi, sai murmushin ya tsaya a fuskarsa, ya sunkuyar da kai. Kumandan ya aika gidana, aka tono guntayen fim da suka narke a toka. Ya ce marar laifi ba ya ƙona takardunsa. Kwana uku bayan haka aka sa mijina a mota aka yi kudu da shi.

Damina biyu ya yi a tsare, ba shari'a, ba wanda ya tambaye shi komai bayan dukan makon farko. Ya dawo da idon dama a mace, na hagu kuma yana gani dishi-dishi. Kyamarar ba a mayar ba. Shagonsa kuwa, tun bai yi wata da tafiya ba Baba wakilin unguwa ya sa ƙanensa a ciki yana sayar da atamfa, ya ce mini riƙo ne kawai kada a washe wurin. Sai bayan shekaru wani tsohon jandarma da ya yi ritaya, yana sayen albasa a wurina, ya faɗa mini cikin hira cewa maƙwabcinmu ne ya kai rahoton, ya zaci na daɗe da sani. Ashe mutumin ya san hotunan za su wanke mijina, shi ya sa ya riga kowa zuwa gidana.

Mijina bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Allah. Ya zauna tare da ni yana ɗaure buhunan albasa da lalube. Da ya zage ni ko sau ɗaya, wataƙila da na samu sauƙi. Ranar sadakar ukunsa wancan mutumin ya zo da babbar riga, lokacin ya riga ya zama Alhaji, ya zauna a tabarmata ya ce duniya ba komai ba ce, mu yafi juna. A gaban mata da maza na ce masa ya tashi ya fita. Aka yi ta ba ni haƙuri, ana cewa tsoho ne. Na ce mijina ma da an bar shi da idanunsa da tsufansa zai yi. Ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Malamai sun yi mini wa'azi, na saurara, amma zuciyata ba ta sauka ba. Ina fushi da shi, ina fushi da waɗanda suka ga mutum yana kallon sama suka kasa tambayarsa mi yake kallo, kuma fushin da ya fi ci na shi ne wanda nake yi da kaina.

Abin da na koya shi ne, tsoro ya fi jandarma saurin shiga gida. Da na jira gari ya waye, da na kai littafin ga kowane malamin lakwal ya karanta mini, da mijina ya ci abincin rana a gidansa. 'Yan'uwana mata, ku sa 'ya'yanku karatu, kada wani ya faɗa musu abin da ke cikin takardar gidansu. Kuma ranar da masifa ta faɗo muku, ku lura da wanda ya fara isowa yana cewa ku yi sauri. Ku tambaye shi yadda aka yi ya ji labarin kafin ku.