Zaman Cika Mota a Tashar Dogarawa

Jama'a, yau na ga wanda ya samu aiki garin makara!

Da sassafe na shiga motar Konni, zan je sarin wake. Kusa da ni Illa magini, ubangidansa ya rantse in ya sake makara, korarre ne. Ashe sauran duk ƴan zaman ruɗi ne, ɗan kamasho ya zuba su don a ga mota ta kusa cika. In fasinja ya zo, ɗaya daga cikinsu ya sauka. Haka har hantsi.

Da fasinja na ƙarshe ya zo, ɗan kamasho ya taɓa Illa, ya ɗauka ɗan zaman ruɗi ne: "Sauka."

"Ni hwasinja na! Kun sa an kore ni!"

"Yi haƙuri, malam. Wallahi ka hi yarana iya zama. Ka taho gobe, in ɗauke ka aiki."

Illa ya dubi rana, ya ce, "Ƙarhe nawa?"