Yadda Maigidana Ya Ɗaure Gita

Lokacin da muka isa wajen da ake kira Arlit yanzu, babu gari, sai tantuna da tulin ganguna da ƙasa shimfiɗe iya ganinka. Faransawa ne ke mulki, kuma wasu daga cikinsu sun zo suna haƙa ramuka suna kwasar duwatsu a jakunkuna. Maigidana direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, shi ke jigilar ruwa da abinci daga Agadez. Ni kuwa ina dafa wa leburori tuwo. Daga Damagaram muka zo, ba mu daɗe da aure ba.

Wani Bature da zai koma gida ya bar masa gita. Ba don ya ga alamar makaɗi a jikinsa ba, akwatinsa ne ya cika. Maigida ya shigo da ita rungume kamar an ba shi jariri, ya ce daga yau ya zama mai kiɗa.

Matsalar ita ce hannunsa na hagu. Shekarun baya ƙarfen da ake murzawa a tayar da mota ya dawo ya buge shi, yatsu biyu suka sandare, ba sa lanƙwasuwa. Gita kuwa, yadda Turawa ke ɗaure tsirkiyoyinta shida, sai ka danna wurare uku ko huɗu a lokaci guda kafin muryoyin su haɗu su yi daɗi. Wanda ya bayyana mana wannan shi ne ma'aikacin jinya na sansanin, wani mutumin Dahomey da muke kira lokotoro. Ya koyi gita a makarantar mishan, kuma ya ɗauki alkawarin koya wa maigida.

Kullum bayan la'asar sai su zauna a inuwar kamiyo. Lokotoro ya kama yatsun maigida yana jera su ɗaya bayan ɗaya, in ya saki wannan, wancan ya zame. Abin da ke fitowa ya fi kama da kukan ƙofar langa-langa. Ina tuƙa tuwo ina jin su.

"Malam, ko dai a mayar wa Baturen kayansa?" na ce wa maigida wata rana.

"Ke dai ki kula da tukunyarki," in ji shi. "Hannuna lafiya lau yake. Ɗaurin ne ba na mutanen kirki ba."

Na ɗauka borin kunya ne kawai. Ashe da gaske yake. A wata tafiya motar ta lalace masa kusa da Gougaram, ya zauna jiran kayan gyara tare da makiyaya. Da ya rasa abin yi, sai ya dinga murɗa kunnuwan gitar, ya sassauta wannan tsirkiya, ya ƙara wa waccan, har ya kai inda in ya shafa su duka, ba tare da ya danna komai ba, muryoyin su fito a haɗe. In yana son sautin ya hau sama, sai ya kwantar da sandararren yatsansa a gicciye bisa wuyan gitar, ya danne duka shidan, ya ja shi gaba ko baya. Yatsan da ya ƙi lanƙwasuwa shi ya zama babban ma'aikaci.

Ya dawo yana kiɗa, kuma gaskiya ana iya saurare. Babbar tsirkiyar da ya sassauta tana gurnani a ƙasa kamar ta molo, leburori suka fara zuwa da kwanukansu su ci abinci kusa da shi.

Lokotoro ya karɓi gitar zai yi waƙarsa ta kullum. Ya jera yatsunsa daidai inda ya saba, ya shafa, sai ga wata hayaniya. Ya duba yatsunsa, ya duba maigida.

"Me ka yi mata?"

"Na koya mata Hausa."

Daga nan rigima ta fara, irin ta abokai. In maigida ya tafi Agadez, lokotoro ya zo ya ari gitar ya mayar da ita ɗaurin Turawa. In ya dawo, ya sake murɗe ta. Ni ce a tsakiya, kowa na tambayata wa ya taɓa. Siririyar tsirkiyar ta gaji da su ta tsinke, suka sa wayar burkin keke a madadinta, kowanne yana cewa laifin ɗayan ne.

Amma lokotoro yana da magana guda mai ƙarfi. Ya ce ɗaurin nan sauƙi gare shi, sai dai fuska ɗaya yake da ita. Ko'ina ka kai yatsan, sautin murna ne. A ɗaurin Turawa, in ka sauya yatsa ɗaya, kiɗan ya koma na juyayi. Maigida ba shi da yatsan da zai sauya. Ni ma na lura: ko waƙar kewar gida ya ɗauko, sai ta fito kamar ana kai amarya.

Da aka ce an mayar da lokotoro wani asibiti a kudu, maigida ya shiga damuwa ƙwarai. Ranar tafiyar da hantsi, an loda kaya, ya ɗauko gita zai yi masa waƙar bankwana. Fuskarsa a murtuke, idonsa ya yi ja, kiɗan kuwa sai tsalle yake. Wani lebura har ya fara taka rawa, da ya ga fuskokinmu ya tsaya.

Lokotoro ya yi dariya har ya share ido. Sai ya matso ya kama kunne ɗaya, ya sassauta tsirkiya ta biyu daga ƙasa, kaɗan kawai.

"Shafa yanzu."

Maigida ya shafa. Sautin ya kwanta, ya yi sanyi. Yatsan nan ɗaya ne, wuyan gitar ɗaya ne, amma kamar wata gitar aka kawo.

"Kai ma ka san wannan tuntuni ka yi shiru?" in ji maigida.

"Yanzu na gane shi, da na ga halin da kake ciki."

Bayan tafiyarsa maigida ya ƙi taɓa kunnen nan. Safe da yamma kiɗan juyayi, ko an biya albashi, ko an yanka akuya. Leburori suka kwashe kwanukansu suka koma nesa. Sai da wata tsohuwa mai kawo mana cuku ta ja ni gefe, da Hausarta ta Abzinawa, ta ce, "Mijinka, wa ya mutu masa?" Na kai masa tambayar yadda aka ba ni. Da yamma sai na ji yana murɗa kunnen nan a hankali, yana mayar da tsirkiyar yadda take a da, yana tari don kada in ji.