Jar Fitila a Bayan Ƙunshin Goro

Gara in faɗa da bakina kafin Kawu ya riga ni: ni ne na rufe jar fitilar motarsa da ƙunshin goro. Ga yadda aka yi.

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtua a tsohuwar akori-kurar Kawu, ƙanen mahaifiyata, da buhunan takin zamani a baya. Takin na Kaka ne, wanda ke wani ƙauye gaba da Malumfashi. Masararsa ta kai gwiwa, ta fara yin rawaya, kullum sai ya bugo waya yana tambayar ko mun sayar da takin mun ci tsire. Tamfol ɗin da muka rufa wa kayan ya fi rariya huji, taki kuwa da ruwa ya taɓa shi narkewa yake kamar sukari a shayi. Kawu ya dubi sama ya ce, "In Allah ya yarda, kafin hadari mun sauke."

Daga Bakori zuwa Malumfashi ba abin da ido ke gani sai kore shar: masara, dawa, waken suya, da manoma saɓe da fartanya. A Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu, jama'a, sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Kawu na da doka ɗaya a motarsa: ba a jona waya a caji. Yana zuwa sayen goro na jona tawa, na tura ta ƙarƙashin cinya.

Da muka bar kwalta sai hanya ta koma kunu. Muka iso wani rafi da ya cika da ruwan daren jiya. Kawu ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, muka faɗa. Ruwa ya tashi har kan bonet, kuma ni dai na ga wani tarwaɗa ya leƙo ta taga ya gaida Kawu. Muka fito muna ɗiga, muka sake nutsewa cikin laka, wani abu a gaban motar na ta tsuwa kamar ɓera a tarko.

A nan na hango ta. Allurar gudun motar Kawu ta mutu tun kafin a haife ni, don haka wurin ya zama kanta, yana ajiye carbi, asuwaki da goro. Ta gefen carbin wata jar fitila mai hoton batir ta kunno kai. Na ce shi ke nan, wayata ta shanye batirin mutane. Na zare cajin, fitila ba ta mutu ba. Sai na yi kamar zan ɗauki goro, na gyara wa ƙunshin zama a kanta.

Muka yi ta tafiya, rediyo na kwaroroto, fitilun gaba a kunne tun asuba don Kawu ya manta da su. Can sai muryar mai labarai ta fara shaƙewa. Kawu ya danna wa wasu shanu hon, hon ya yi kukan akuya mai mura. Shanun suka ƙi matsawa, shi kuma don tattalin mai ya kashe mota. Da suka wuce ya murɗa makulli. Ƙat-ƙat-ƙat. Shiru. Na waiga gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Kawu ya ɗaga bonet. Ya girgiza kawunan batir, suna nan daram. Ya danna bel ɗin inji da yatsa, ya same shi sako-sako, ga santsin laka. Sai ya tsaya kan altaneta, ɗan injin da ke mayar wa batir caji in mota na tafiya. Ba don ya nuna mini ba da na rantse curin fura ne, don laka ta cushe duk ramukansa.

"Ikon Allah," in ji shi. "To me ya hana fitilar caji kamawa?"

Ya leƙa ciki ya ɗaga goronsa. Ga ta nan ja wur. Ya dube ta, ya dube ni.

"Kai, wa ya matsar mini da goro?"

"Kawu, wallahi caji kaɗan na sa. Ko rabi ba ta yi ba."

"Wane caji kuma?"

Na fito da wayar. Ya yi ta dariya har yana dafa ƙofa. "Wannan gwangwanin ne zai shanye batirin mota? Ja'iri! Ruwa da laka ne suka shaƙe altaneta. Da ka yi magana tun a rafi, da na kashe rediyo da fitila mun isa. Ɗauko buta."

Ruwan alwalarmu kaf a kan altaneta ya ƙare. Ina zubawa, Kawu na sakace ramukan da tsinke har ruwan ya daina fita ja. Ya ƙwanƙwasa bayansa a hankali da sifana, wai laka kan riƙe wasu 'yan gawayi a ciki su kasa taɓa inda ya kamata. Ya goge bel da tsumma, ya ja shi ya ɗaure. Zafin inji ya busar da sauran. Iska ta fara kaɗa masara, tamfol na fal-fal.

Saura turi. Na sa kafaɗa na yi nishi, mota ko gezau. Sai ga wasu mata sun fito daga gona. Babbarsu ta dube ni ta ce, "Ɗan birni, matsa kar ka karye." Suka ajiye kayansu suka kama. Motar ta zabura, ni kuma na kifa da fuska cikin laka. Ina ɗagowa na ji inji ya kama, Kawu na ihu ta taga: "Ta mutu! Ta mutu!" Matan suka fara salati, sai da na yi musu bayanin fitila yake nufi.

Muna shiga ƙauyen yayyafi ya fara. Kaka na tsaye a ƙofar zaure. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Taki na ce a kawo mini, wa ya ce a haɗo da gunki?" Yaran gidan suka yi caa a kan buhuna, ni ma na ɗauka, ko da yake buhun ne ya fi ɗaukata. Muna shigar da na ƙarshe sama ta ɓalle. Muka zauna a zaure muna cin tuwon masara da miyar kuka, ruwa na dukan kwano. Ban taɓa jin daɗin tuwo irin na ranar ba.

Washegari muka dawo Funtua ta doguwar hanya, ba mu sake bi ta rafin ba. Abin da na koyo shi ne, in mota ta yi iyo a duba altaneta da bel kafin a zargi kowa, in kuma abu ya yi ja a gabanka ka buɗe baki. Wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya kwance altanetan ya wanke shi sosai, ya canza gawayin. Buhu ɗaya na gefe ne ya ɗan jiƙe, shi aka fara zubawa. Kaka ya bugo jiya ya ce an gama sa wa masarar taki.