Layi a Wuyan Inna

Shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, aka kawo wa makarantarmu ta sakandare malamin zane, har da fenti da manyan takardu. A aji uku aka ce kowa ya zaɓi darasin da yake so. Abokaina suka ɗauki aikin gona, ni na ɗauki zane. Noma ai shi na baro a gida.

Da na koma Kusada hutu, na zana Inna tana shiƙar gero. Ta fito sak, har da tsagen kumatunta da yadda take karkata kai saboda ƙaiƙayi. Ta duba, ta rufe baki tana dariya.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hannunka na da kyau, amma wannan abu mai rai ne. Ja layi a wuyan, sai ka aje abinka." Haka ake yi a wajenmu, ko hoton akuya ne.

Raina ya ɓaci. In yanka uwata da fensir? Na yayyaga takardar, na watsa a murhu. Ai gobe ma rana ce.

Inna ba ta ga damina ta gaba ba, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Na sha gwadawa daga baya, fuskar ta ƙi fitowa. Yau in jikokinta suka tambayi kamanninta, sai in nuna masu ƙanwata in ce, "Kusan haka."